Za a iya dasa ɓarauniyar hanya a cikin cip tun daga masana'anta?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana cewa ƙasashen da ke ƙera cip na kwamfuta da waya suna iya dasa abin leƙen asiri a ciki tun daga masana'anta, wanda babu antibairos ɗin da zai gano shi. Gaskiya ne ko zuƙi-ta-malle ce? In gaskiya ne, ta yaya mutum zai tabbatar cewa cip ɗin da ke cikin na'urarsa ba ya yi wa wani aiki a ɓoye?

Amsa: Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ko za a iya dasawa? Ƙwarai kuwa, masu bincike sun ƙera irin wannan da hannunsu sun nuna yana aiki. Ko za ka iya tabbatar da cewa naka ba shi da ita? Ba za ka iya ba, kuma shi kansa kamfanin da sunansa ke jikin cip ɗin ba zai iya dafa maka littafi a kan haka ba. Sai dai kafin hankalinka ya tashi, ka sani cewa a wannan fanni ana zaton wuta a maƙera ne sai ta tashi a masaƙa. Ɓarnar da aka gani da ido, wadda ta shafi miliyoyin na'urori, mafi yawanta daga kuskuren injiniyoyi ta fito da kuma ƙofofin gwaji da aka manta ba a rufe ba.

Bari mu fara da hannaye nawa cip ke bi kafin ya iso gare ka, don a nan matsalar amana take. Kamfanoni irin su Apple da Qualcomm da Nvidia da AMD ba su da masana'antar ƙera cip tasu, zane kawai suke yi. Zanen ma ba da fensir ba, rubuta shi ake yi kamar manhaja, da harsuna irin su Verilog da VHDL. Kuma ba wanda ke rubuta komai daga tushe. Ana sayen gutsattsarin zane shiryayyu: zuciyar furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, daga kamfanin Arm, sashen USB daga wani kamfani, sashen kula da mamori daga wani. Sannan a zuba duka a cikin manhajojin Synopsys ko Cadence ko Siemens, su ne ke juya rubutun ya koma taswirar taransista, wato ƙananan makunnan lantarki da ake gina cip da su, da wayoyin da ke haɗa su. Taswirar nan ake aika wa masana'anta, galibi TSMC a Taiwan ko Samsung a Koriya ta Kudu, su kuma su buga ta a kan faifan silikon da injunan da, a matakin mafi ƙanƙanta, kamfani ɗaya tak ke ƙerawa a duniya, wato ASML na ƙasar Holan. Daga nan a kai wata masana'antar, sau da yawa a Malesiya ko Sin ko Taiwan ɗin, a yanka, a sa a gida, a gwada. Wani kamfanin daban ya liƙa a kan allo, wani ya yi jigila. Duk inda ka ji an ce "wani", to hannu ne da zai iya taɓawa.

Antibairos kuwa ba shi da ta cewa a nan, domin shi ma a kan furosesan yake gudu. Duk abin da ya sani game da na'urar, furosesan ya tambaya aka ba shi amsa. In mai amsar ne maƙaryacin, tambaya ba ta da amfani. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro babbar manhajar kwamfuta ta Unix, ya yi wannan gargaɗi tun 1984: ya nuna yadda za a ɓoye ha'inci a cikin manhajar da ke fassara rubutun sauran manhajoji, ta yadda ko ka karanta rubutun asali layi-layi ba za ka ga komai ba, ya kuma ƙara da cewa gwargwadon yadda aka gangara ƙasa kusa da ƙarfen na'ura, gwargwadon yadda ganowa ke ƙara wuya.

Za ka ce ai ana gwada cip kafin a sayar. Ana gwadawa, kuma a manyan ayyuka masu tantance zane sukan fi masu zanen yawa. Amma gwaji yana amsa tambaya ɗaya ce: shin yana yin abin da aka ce ya yi? Ba ya amsa ko yana yin wani abin da ba a ce ba. Ka ɗauka wani ya saka 'yar da'ira da ba ta motsi sai ta ga wata lamba takamaimiya mai tsawon bit 64, wato jerin sifili da ɗaya guda 64, ta wuce. Ko kana gwada lamba biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ka shafe shekara kusan 585 kafin ka zagaye dukkansu. In ya mai da ita bit 128, zancen gwaji ya ƙare. Ita kuma da'irar taransista ƙalilan take buƙata, a cikin cip irin M1 na Apple da ya fito a 2020 da taransista biliyan 16.

Ka dubi abin da ya sami Pentium na Intel a 1994. An bar gurabe biyar babu komai a cikin wani jadawali da furosesan ke dubawa lokacin raba lamba, sai ya zama a wasu lambobi ƙalilan yana ba da amsar da ba daidai ba. Ya tsallake duk gwaje-gwajen kamfanin ya shiga kasuwa, har sai da wani farfesan lissafi mai suna Thomas Nicely ya lura lissafinsa ba ya daidaita ya fallasa. Maye gurbin waɗannan cip ɗin ya ci wa Intel dala miliyan 475. Wannan fa ba wanda ya ɓoye shi. To ina ga abin da aka zauna aka ɓoye da wayo?

Saura hanya ɗaya, a fasa a duba. A ɗakin bincike ana narkar da baƙin gidan cip ɗin da asid mai ƙarfi har ɗan silikon ɗin ya bayyana, abin da sau da yawa bai kai farcen yatsa ba. Wayoyin da ke kansa hawa-hawa ne, a cip na zamani sun haura hawa goma. Sai a goge hawa ɗaya, a ɗauki dubban hotuna da maikiroskof na ilektiron, a ɗinke hotunan su zama taswira, a sake goge na ƙasansa. Aikin makonni ne ko watanni, kuma goge ɗaya da ya zarce ya lalata samfurin. Bayan duk wannan wahala, abin da ka tabbatar shi ne lafiyar wanda ka fasa, shi kuwa ya riga ya mutu. Na cikin wayarka ba shi aka duba ba. Kuma sai kana da zanen asali da ka yarda da shi kafin ka san da me za ka kwatanta.

Masu bincike ma sun nuna ido yana iya ruɗuwa. A 2013 Georg Becker da abokan aikinsa suka bayyana dabarar da ba ta ƙara waya ko ɗaya, ba ta cire ko ɗaya. Sinadarin da ake cusa wa silikon a ƙarƙashin wasu taransistoci kawai ake sauyawa, sai su maƙale a kan amsa ɗaya har abada. Suka nuna in aka yi haka ga sashen da ke samar da lambobin da ba sa cankuwa, waɗanda da su ake ƙera makullan sirri, makullan za su ci gaba da fitowa kamar lafiya lau alhali wanda ya yi dashen yana iya canko su. Shekara ɗaya bayan haka wasu masu bincike a Japan suka nuna ana iya gano irin wannan da maikiroskof na ilektiron, amma da ƙarin aiki mai yawa. A 2016 kuma wata tawaga a Jami'ar Michigan ta ƙera cip na gaske da wata dabara da suka kira A2. Ɗan kafasita ne guda, wato 'yar ma'ajiyar caji, aka maƙala kusa da wata waya da ba kasafai take motsi ba. Duk motsin wayar sai ya ɗan sha caji, in an daina sai cajin ya tsiyaye. A aiki na yau da kullum ba ya taɓa cika. Amma in maharin ya gudanar da manhajar da ke kaɗa wayar nan ba ƙaƙƙautawa, sai ya cika, ya juya bit ɗin da ke bambanta baƙo da mai gida, manhajar ta sami cikakken iko da na'urar. A ganina wannan ya fi duk sauran ban tsoro, don ma'aikaci ɗaya a masana'anta mai damar taɓa taswira ya isa.

To a zahiri fa, wa aka kama? Babban misali shi ne Crypto AG, kamfanin ƙasar Suwizalan da ya sayar wa ƙasashe sama da 120 injunan sirranta saƙonni, ciki har da Iran da Indiya da Pakistan. A Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidajen talabijin na ZDF da SRF suka fallasa cewa tun 1970 hukumar CIA ta Amurka da takwararta BND ta Jamus ta Yamma ne suka mallaki kamfanin a ɓoye, suna raunana lissafin da ke cikin injunan don su riƙa karanta saƙonnin masu saye. Lura da yadda aka yi: ba su sulale cikin masana'anta da dare ba, kamfanin suka saye ɗungurungum. Akwai kuma takardun da Edward Snowden ya fitar daga 2013, waɗanda suka nuna hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana tare kayan sadarwa a hanyar jigila, ta buɗe kwali, ta yi dashenta, ta mayar da hatimi. A 1993 ma gwamnatin Amurka ta fito fili da cip ɗin Clipper, wanda aka tsara hukuma ta riƙe kwafin makullinsa. Wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna ɓaraka a tsarin a 1994, jama'a suka ƙi shi, ya mutu murus.

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na kafar labarai ta Bloomberg a Oktoban 2018, cewa an liƙa wani ƙanƙanin cip na leƙen asiri a kan allunan kwamfuta na kamfanin Supermicro da aka haɗa a Sin, har ya isa Apple da Amazon. Kamfanonin uku duk sun musanta da kakkausar murya, kuma ba a fito da allo ko ɗaya an nuna wa duniya ba. Ni ba na sa shi a sahun abubuwan da suka tabbata. Yana yiwuwa a fasahance, amma mai hankali ba zai so ya bar shaida da za a iya ɗagawa da hantsaki ba, alhali sauya manhajar da ke cikin allon ya fi arha kuma ya fi sauƙin musantawa.

Wannan ya kawo mu inda gizo ke saƙar. Dashen ganganci a cikin silikon yana da tsada, yana fita a cikin miliyoyin kwafi, kuma ranar da aka gano shi ba ya gogewa, yatsa zai nuna mai shi. Kuskure kuwa kyauta ne, yana nan birjik, mai kutse nemansa kawai zai yi.

A Janairun 2018 aka bayyana wasu aibobi biyu a furosesoci, Meltdown da Spectre, sakamakon binciken Jann Horn na Google, da Paul Kocher, da wata tawaga ta Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya, da wasu. Tun tsakiyar shekarun 1990 furosesoci ke samun sauri ta hanyar yin gaba da aiki kafin a tabbatar ana bukatarsa, in ya zama ba daidai ba su zubar. Kamar masinja ne mai rawar kai a ofis. Ka ce masa ya duba lambar da ke cikin ambulan na sirri ya ɗauko maka fayil mai wannan lamba. Kafin maigadi ya gama duba ko kana da izini, har ya leƙa ya ɗauko fayil ɗin ya ajiye a teburin kusa. Aka ce ba ka da izini, ya hana ka, bai faɗa maka komai ba. Sai ka shiga neman fayiloli ɗaya bayan ɗaya kana duba agogo. Wanda ya zo nan take, shi ne na teburin kusa, lambarsa kuwa ita ce sirrin. Haka ake satar bayanai ta hanyar auna lokacin da 'yar ma'ajiyar kusa da furosesa ke ɗauka kafin ta amsa. Meltdown ya fi shafar Intel, Spectre kuwa ya haɗa da AMD da Arm. Ba wanda ya dasa wannan. Dabarar sauri ce da aka koyar a jami'o'i shekara ashirin ana yabonta.

Rowhammer, da aka wallafa a 2014, ya fi wannan sauƙin fahimta: ƙwayoyin mamori sun matsu da juna har in ka dinga karanta layi ɗaya da sauri, caji yana yoyo daga layin maƙwabci, sifili ya koma ɗaya. A 2015 masu binciken Google suka yi amfani da shi suka ƙwace iko da kwamfuta. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek suka gano cewa cip ɗin tsaro na kamfanin Infineon yana ƙera makullan RSA, waɗanda ke zuwa biyu-biyu, na fili da na sirri, ta wata gajeriyar hanya da ke sa a iya lissafo makullin sirri daga na fili. Ƙasar Estoniya sai da ta dakatar da takardun shaidar katin ɗan ƙasa sama da 700,000 masu ɗauke da wannan cip. Abin lura, waɗannan cip ɗin suna ɗauke da manyan takardun shaidar tsaro daga hukumomin tantancewa. Takarda tana nuna an bi ƙa'idar bincike ne, ba ta nuna babu aibi.

Akwai kuma kwamfutar da ke cikin kwamfutarka. Kusan duk allon Intel tun wajen 2008 yana ɗauke da wani ƙaramin furosesa daban, Management Engine, mai manhajarsa ta kansa, wanda ke aiki ko kwamfutar tana kashe muddin akwai wuta a jikinta. AMD ma tana da makamancinsa. An yi na Intel ɗin don ma'aikatan kamfanoni su riƙa gyara kwamfutoci daga nesa. A Mayun 2017 aka gano cewa a kwamfutocin ofis da aka kunna wa wannan hidima, in aka nemi shaidar kalmar sirri ka aika fanko, sai a buɗe maka. Dalilin abin dariya ne: manhajar tana kwatanta harufa gwargwadon tsawon abin da ka aiko, ka aiko sifili, an kwatanta sifili, an ce ya yi daidai. Shekaru yana nan ba a sani ba.

Wanda duk ya taɓa aikin zanen cip ya san ba a ƙera shi babu ƙofofin gwaji. In samfurin farko ya dawo daga masana'anta ya ƙi tashi, dole a sami hanyar leƙa cikinsa. Juya kowane allo za ka ga wasu ƙananan ɗigogi na tagulla a jere, ba a liƙa musu komai ba. Da yawansu wurin dafa alluran gwaji ne, kuma ta irinsu ake tsayar da furosesa cak a karanta abin da ke cikinsa. Ana kuma barin maɓallan ɓoye a cikin zanen, don in wani sabon sashe ya ba da matsala a kashe shi ba sai an sake ƙira ba. Ƙa'ida ita ce a ƙona wasu 'yan fiyus a cikin cip ɗin kafin ya fita kasuwa, ƙofofin su rufu. Wani lokaci a manta, wani lokaci a bar su da gangan saboda kayan da za a dawo da su gyara. A Disamban 2023 kamfanin Kaspersky ya bayyana cewa maharan da suka shiga wayoyin iPhone na ma'aikatansa sun yi amfani da wasu rijistoci, wato ƙananan guraben ba da umarni, a cikin cip ɗin Apple da babu su a kowace takardar bayani, suka tsallake kariyar mamori da su. Masu binciken sun ce sun fi zaton na gwaji ne. Ga wanda aka shiga wayarsa, ko an bar ƙofar da niyya ko da mantuwa duk ɗaya ne. Kuma wanda ya iya aikinsa, in zai dasa ɓarauniyar hanya, kamannin kuskure zai ba ta.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka daina neman cip ɗin da za a rantse a kansa. Abin da ake yi shi ne a rage yawan abin da dole a amince da shi, a kuma tsara na'ura yadda cin amanar ɓangare ɗaya ba zai wadatar ba. Babbar manhajar Linux ba ta dogara da lambobin da furosesa ke bayarwa su kaɗai wajen ƙera makullai, tana gauraya su da wasu daga majiyoyi daban. Amfanin haka ya fito a 2019, lokacin da aka ga wasu sababbin furosesocin Ryzen na AMD suna maimaita lamba ɗaya a duk lokacin da aka nemi sabuwa, har sai da aka gyara ta sabunta BIOS, wato manhajar allo da ke tayar da kwamfuta. Ana ware makullai a cikin ƙaramin cip na daban mai sauƙin bincike. Ana amfani da lissafi a tabbatar da wasu sassan zane maimakon gwaji kawai. Akwai masu raba ƙira tsakanin masana'antu biyu don kada ɗaya ta ga zanen gaba ɗaya. Buɗaɗɗen zane ma yana taimakawa: RISC-V da ya faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 2010, da OpenTitan da Google da lowRISC suka sanar a 2019. Amma kada a yi maka daɗin baki. RISC-V jerin umarni ne a buɗe, cip ɗin da aka gina a kansa yana iya zama a rufe ruf. Ko zanen duka a buɗe yake, ba ka da tabbacin shi masana'anta ta buga. Haka nan gina masana'anta a gida, kamar yadda Amurka ta ware kusan dala biliyan 52 a dokar CHIPS ta 2022, yana maganin yankewar kaya da wani ɓangare na hannun baƙi, amma kuskuren Pentium da Meltdown ai a gida aka haife su.

Kai kuma a naka ɓangaren, tambayar da za ka yi ita ce wa zai kashe kuɗi a kanka, nawa kuma. Wanda ya mallaki ɓarauniyar hanya a cikin silikon ba zai ƙona ta a kan asusun mutum ɗaya ba, don duk amfani da ita kasadar tonuwa ce. Abin da ya fi kusa da kai shi ne jabun kaya da tsohuwar manhajar allo. Kwamitin sojoji na Majalisar Dattawan Amurka ya ba da rahoto a 2012 cewa an sami kusan lamura 1,800 na sassan lantarki da ake zargin jabu ne a kayan sojan ƙasar, sassa sama da miliyan ɗaya, da yawansu tsofaffi ne da aka ciro daga bola aka kankare aka sake buga musu lamba. In sojan Amurka bai tsira ba, mai sayen kaya daga hannun da bai sani ba sai ya yi hattara.

Don haka ka riƙa sabunta BIOS da babbar manhajar na'urarka, domin ta nan gyaran kurakuran furosesa ke isowa. Ka sayi na'urar da kamfaninta ke ci gaba da fitar mata da gyara, ka kuma san cewa akwai aibin da ba ya gyaruwa: checkm8 da aka bayyana a 2019 yana cikin sashen da aka ƙona a jikin cip na iPhone 4S har zuwa iPhone X, maganinsa kawai sauya waya, ko da yake sai wayar ta shiga hannun maharin ya sa mata kebul. Kada ka kashe Secure Boot, kariyar da ke tantance manhaja lokacin da kwamfuta ke tashi, ba dalili. In kwamfutar ofis ce ta hannu ka saya, shiga BIOS ka tabbatar hidimar gyara daga nesa a kashe take. Muhimman asusunka ka haɗa su da makullin tsaro na USB daga wani kamfani daban da wanda ya ƙera kwamfutar, don sai an karya biyu kafin a kai gare ka. In kuwa aikinka irin wanda gwamnatoci ke bibiya ne, ɗan jarida mai bincike ko mai riƙe da sirrin hukuma, kada ka yi odar na'ura da sunanka a aiko maka. Shiga ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ke jere, kada ka bar ta a ɗakin otal, kuma wadda jami'ai suka shiga da ita wani ɗaki a filin jirgi ba ka gani, ka ɗauka ta tashi daga aikin sirri.